Harzar abinci da kolesterol

Harzar abinci, wadda wasu ke kira faiba, ita ce sashen tsirrai da mutum ke ci amma cikinsa da ƙaramin hanjinsa ba sa iya narkar da shi, sai ya wuce zuwa babban hanji. Ana samunta a dusar hatsi, wake, ganyaye, 'ya'yan itatuwa da yauƙin miya. Babu ita a nama, kifi, ƙwai, nono ko mai. Bayan wadda ke cikin abinci, akwai kuma harzar da kamfanoni ke tacewa su sayar a matsayin gari, ƙwaya ko ƙunshin takarda, ana shanta kamar magani. Gwaje-gwaje sun tabbatar da cewa wasu nau'o'in harza suna rage mugun kolesterol a jini da kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Hujjar da ke nuna raguwar ciwon zuciya kuwa ta fito ne daga mutanen da ke samun harza a abincinsu na yau da kullum, ba daga masu shan ta kanti ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci a yankuna irin su Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, inda wake, kuka, kuɓewa, gero da dawa ke nan a kasuwa, amma shinkafar inji da abincin fulawa ke ƙara cin wurinsu a kwano.

Kolesterol da jijiyoyin jini

Kolesterol wani abu ne mai kama da kitse da jiki ke buƙata wajen gina ƙwayoyin halittarsa da haɗa wasu sinadarai. Hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, sauran kuma yana zuwa daga abinci. Da yake ba ya gauraya da jini, wasu ƙwayoyi ne ke ɗaukarsa. Nau'in da ake kira LDL shi ke kai shi sassan jiki, kuma idan ya yi yawa yakan taru a jikin bangon jijiyoyin jini, a hankali ya matse hanyar. Shi ya sa ake ce masa mugun kolesterol. Nau'in HDL kuwa yana kwaso shi ya mayar da shi hanta. Idan tarin da ke bangon jijiya ya fashe, jini ya daskare a wurin, to in a jijiyar zuciya ne sai a samu bugun zuciya, in a ta ƙwaƙwalwa ne sai shanyewar ɓarin jiki.

Yawan kolesterol ba ya ciwo, ba ya sa ciwon kai ko jiri, kuma siriri ma yana iya kasancewa da shi. Gwajin jini kaɗai ke nuna shi. Ana auna shi da milimol a lita ko miligiram a desilita, kuma galibi ana so jimillarsa ta kasance ƙasa da milimol 5.2, wato miligiram 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun faru ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Tarihi

Likitan Ostireliya Eben Hipsley ne ya fara amfani da sunan harzar abinci a rubuce a 1953, amma a Afirka ne tunanin ya samu gindin zama. A 1959 Shaper da Jones suka wallafa binciken da suka yi a Kampala ta ƙasar Yuganda, inda suka ga kolesterol ɗin 'yan ƙasar yana ƙasa sosai, toshewar jijiyar zuciya kuma da wuya a gamu da ita a cikinsu, alhali ta yi yawa tsakanin Indiyawan da ke zaune a gari ɗaya da su. Wasu likitocin Birtaniya biyu da suka daɗe suna aiki a asibitin Mulago na Kampala, Hugh Trowell da Denis Burkitt, suka ɗauki wannan batu a farkon shekarun 1970. Hujjarsu ita ce mutumin karkarar Afirka yana cin hatsi da dusarsa, wake da ganye, Bature kuma yana cin farar fulawa da sukari, kuma wannan ne ya raba su a cututtuka irin su taurin bayan gida, basir, kansar hanji da ciwon zuciya.

Daga baya an gane cewa sun ɗan zafafa. Manomin da suka duba ya bambanta da Bature a abubuwa da dama: yana aikin ƙarfi, ba shi da ƙiba, ba ya yawan cin kitse, kuma mutane da yawa ba sa kaiwa shekarun da cutar ke bayyana. Duk da haka su ne suka buɗe ƙofar binciken da ya biyo baya.

Tun a 1963 wasu masana a ƙasar Holan sun nuna cewa cin hatsin ots da yawa yana rage kolesterol. A ƙarshen shekarun 1980 Amurkawa suka yi rububin dusar ots, har aka riƙa cusa ta a biskit da alewa. A 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a rubuta a jikin kayan ots cewa suna iya rage haɗarin ciwon zuciya idan aka haɗa su da abinci mai ƙarancin kitse, a 1998 kuma ta ƙara siliyum.

Ire-iren harza

A littattafan makaranta ana raba harza gida biyu, mai narkewa a ruwa da marar narkewa. Marar narkewa ita ce irin ta dusar alkama, dusar dawa da jijiyoyin ganye. Tana ƙara yawan bayan gida ta sauƙaƙa fitarsa, amma tasirinta a kan kolesterol kaɗan ne ƙwarai.

Wannan rabo bai isa ba, domin ba kowace harza mai narkewa ce ke rage kolesterol ba. Abin dubawa shi ne ko tana yin kauri da yauƙi idan ta sha ruwa. Masu yin haka su ne siliyum, beta-gulukan na ots da sha'ir, fektin na lemu da tuffa, ƙaron guwa na Indiya da Pakistan, da gulukomanan na gabashin Asiya. Akwai kuma masu narkewa ba tare da kauri ba, kamar inulin da dekstirin na alkama. Waɗannan ƙwayoyin halittar babban hanji suna cinye su, suna da nasu amfani, amma ba sa taɓuka abin kirki a kan LDL. Masu sayarwa sun fi son su saboda suna ɓacewa a ruwa ko shayi, ba ɗanɗano ba yauƙi. Garin da aka zuba a kofi aka motsa ya bar ruwan garau kamar ba a sa komai ba, da wuya ya zama mai rage kolesterol.

Siliyum, wanda kuma ake kira isfagula, shi ne aka fi gwadawa. Ɓawon irin wani ɗan tsiro ne mai suna Plantago ovata, kuma kusan duk wanda ke kasuwar duniya daga Indiya yake fitowa, musamman jihohin Gujarat da Rajastan. Ana sayar da shi zalla ko da sunayen kamfani irin su Metamucil da Fybogel. Asalinsa maganin taurin bayan gida ne.

Yadda take rage kolesterol

Hanta tana amfani da kolesterol wajen haɗa ruwan matsarmama, wanda ke zuba a cikin hanji don narkar da kitsen abinci. Jiki ba ya wasa da wannan ruwa. Bayan ya gama aikinsa, kimanin kashi 95 cikin 100 na sinadaransa ana sake tsotse su a ƙarshen ƙaramin hanji a mayar da su hanta, su sake zagayowa sau da yawa a rana. Idan akwai harza mai yauƙi a cikin hanji, sai ta tarfa wani sashe na waɗannan sinadarai ta fita da su ta bayan gida. Dole hanta ta haɗa sababbi, kuma don samun kayan haɗin sai ta ƙara yawan ƙofofin da ke jikinta masu kama LDL daga jini. Ta haka adadinsa a jini ke sauka. Waɗannan ƙofofi su ne Michael Brown da Joseph Goldstein suka gano, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1985.

Daga nan ake fahimtar abubuwa biyu. Na farko, harzar tana buƙatar haɗuwa da abinci a hanji, don haka shanta tare da abinci ya fi shanta da wofin ciki. Na biyu, aikinta na rana ɗaya ne. Wanda ya daina sha, cikin 'yan makonni kolesterol ɗinsa zai koma inda yake. Ba ta wanke jijiya, ba ta kuma narkar da kitsen da ya riga ya taru, duk da abin da masu tallan magani a mota ke faɗa a ranar kasuwa.

Yauƙin yana kuma jinkirta shigar sukari cikin jini bayan cin abinci, abin da ke taimaka wa masu ciwon sukari, yana kuma sa a daɗe ba a ji yunwa ba.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A 1999 Lisa Brown da abokan aikinta a jami'ar Harvard suka tattara gwaje-gwaje 67, suka ga cewa kowane giram ɗaya na harza mai narkewa a rana yana rage LDL da kimanin miligiram 2 a desilita, a tsakanin giram 2 zuwa 10. Wani nazari na James Anderson a 2000 ya nuna cewa giram 10.2 na siliyum a rana yana rage jimillar kolesterol da kashi 4, LDL kuma da kashi 7 cikin 100. A 2018 masana a Toronto ta Kanada suka haɗa gwaje-gwaje 28, suka samu raguwar kimanin milimol 0.33 da giram 10 na siliyum. Ga ots, adadin da hukumomi suka tsayar shi ne giram 3 na beta-gulukan a rana, wanda ke cikin kimanin giram 75 na busasshen ots. HDL ba ya wani motsi.

Idan aka ɗauki mutumin da LDL ɗinsa ya kai milimol 4.0, siliyum na kullum zai iya sauke shi zuwa wajen 3.7. Magungunan sitatin, irin su atorvastatin da simvastatin, suna rage LDL da kashi 30 zuwa 50 ko fiye, wato za su iya kai shi 2.5 ko ƙasa. Ratar tana da faɗi. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, likita ya ɗora shi a kan sitatin, ya ajiye ya koma garin harza, ya yi musayar da ba ta da riba. Haɗa su biyun kuwa yana da amfani: wani gwaji na 2005 ya nuna cewa ƙara siliyum a kan miligiram 10 na simvastatin ya yi aiki daidai da ninka maganin zuwa miligiram 20.

Akwai gwajin da ya fi kusa da tukunyar Bahaushe. A 2003 David Jenkins na jami'ar Toronto ya haɗa wa mutane tsarin abinci mai ots, sha'ir, siliyum, kuɓewa da gauta, tare da waken soya, almon da wani mai na musamman da aka ƙara wa sinadaran tsirrai. Cikin wata ɗaya LDL ya sauka da kusan kashi 29 cikin 100, dab da abin da maganin lovastatin ya yi a wannan gwaji. Sai dai an ba su abincin ne a shirye. Da aka maimaita a 2011, aka bar mutane su saya su dafa da kansu na wata shida, raguwar ta tsaya a kimanin kashi 13.

Batun ciwon zuciya kansa

Rage lamba a takardar gwaji daban, hana mutuwa daban. A nan hujjar ta kasu biyu.

Binciken da ke bin mutane shekaru da yawa yana duba abin da suke ci ya nuna abu ɗaya a kai a kai. Nazarin da aka wallafa a mujallar BMJ a 2013 ya ga cewa duk ƙarin giram 7 na harza a rana yana tafiya da raguwar haɗarin ciwon zuciya da kashi 9 cikin 100. Wani babba da Andrew Reynolds da Jim Mann na ƙasar Niyu Zilan suka fitar a mujallar Lancet a 2019 ya nuna cewa masu cin harza da yawa suna da ƙarancin mutuwa da kashi 15 zuwa 30 idan aka kwatanta da masu cin kaɗan, kuma amfanin ya fi fitowa daga giram 25 zuwa 29 a rana. A kan irin wannan hujja ne Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ba manya shawarar cin aƙalla giram 25 a rana, ta kuma fayyace cewa harzar da ke cikin abinci take nufi. Waɗannan mutane wake, hatsi, ganye da 'ya'yan itatuwa suke ci, abubuwan da ke ɗauke da potasiyom da wasu sinadarai, kuma wanda ya cika cikinsa da wake ya rage wurin nama da soye-soye. Ba a iya cire harzar ita kaɗai a ce ita ta yi aikin.

Gwajin kai tsaye kuwa bai ba da irin wannan amsa ba. A gwajin DART da aka wallafa a 1989, an ɗauki maza 2,033 a Birtaniya da suka tsira daga bugun zuciya. Waɗanda aka ba shawarar ƙara harzar hatsi ba su samu raguwar mutuwa ba cikin shekara biyu, waɗanda aka ce su ci kifi mai maiƙo ne suka samu. A 2016 ƙungiyar Cochrane ta duba gwaje-gwaje 23 na harza ga masu lafiya, ta tarar dukkansu gajeru ne, babu wanda ya ƙirga bugun zuciya ko mutuwa.

Abin da ya rage shi ne lissafi. Gwaje-gwajen sitatin sun nuna cewa rage LDL da milimol ɗaya yana rage manyan cututtukan jijiyoyin jini da kimanin kashi 22 cikin 100. Idan haka yake ga harza, raguwar milimol 0.3 za ta ba da kariya ta kashi 6 zuwa 7. Hasashe ne mai ma'ana, amma hasashe ne.

A Jega, Aliero da Maiyama

Waɗannan ƙananan hukumomi uku na masarautar Gwandu ƙasar noma ce. Ana noman gero, dawa da wake a tudu, shinkafa a fadamun gulbin Zamfara, Aliero kuma ta yi suna da albasa a duk Najeriya. Jega ita ce babbar kasuwar yankin tun ƙarni na 19. Abincin gargajiyar wurin, tuwon dawa ko gero da miyar kuka ko kuɓewa, fura, hoce, dambu da kwaɗon zogale ko rama, yana kusa da wanda Burkitt ya yaba.

A cikin waɗannan, wake ne ke da hujja mafi ƙarfi. Busasshen wake yana da fiye da giram 10 na harza a kowane giram 100. Wani nazari na 2014 da ya haɗa gwaje-gwaje 26 ya nuna cewa cin kimanin giram 130 na dafaffen wake ko danginsa a rana, kamar ludayi biyu, yana rage LDL da kashi 5 cikin 100, kusan abin da siliyum ke yi. Yadda aka sarrafa shi yana da tasiri. A ƙosai da alala ana cire ɓawon, ƙosai kuma ana soya shi a mai. Dafaffen wake, faten wake da wake da shinkafa sun fi riƙe harzarsu, musamman idan waken ya rinjayi shinkafar. Ɗanwake yana da garin kuka a ciki, sai dai wanda aka cika wa fulawa ko garin rogo sunan wake kawai ya rage masa.

Yauƙin kuɓewa, kuka, karkashi da lalo harza ce mai narkewa mai kauri, irin wadda ake nema. A ɗakin gwaji an ga kuɓewa tana kama sinadaran matsarmama fiye da kayan lambu da dama. Ɗanyar kuɓewa tana da kimanin giram 3 a giram 100, don haka miyar dare ɗaya ba za ta kai cokalin siliyum ba, amma miyar da ake ci kullum shekara da shekaru tana tarawa. Garin 'ya'yan kuka, wanda ake damawa a nono, kusan rabinsa harza ne, da yawanta fektin. Tarayyar Turai ta amince da sayar da shi a 2008, kuma yanzu ana ƙunshe shi a kwalabe masu tsada a Landan da Faris, alhali a kasuwannin Kebbi da kwano ake auna shi. Aya, goruba, gwaiba, magarya da ɗinya su ma suna da harza mai yawa.

Albasar Aliero tana da kusan giram 2 a giram 100, mafi yawa dangin inulin ne. Tana ciyar da ƙwayoyin halittar hanji, amma ba ta cikin masu yauƙin da ke rage LDL. Haka ƙaro, wanda Sudan ke kan gaba wajen fitar da shi, ake kuma samu a Borno, Yobe da Jigawa. Kusan dukkansa harza ce mai narkewa, FDA ma ta sa shi a jerin harzar abinci a 2021, amma ba ya kauri sosai a ruwa, kuma sakamakon gwaje-gwajensa a kan kolesterol bai daidaita ba.

Canjin da ke faruwa yana zuwa ne ta injin niƙa da na casa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafa ya bunƙasa a jihar, manyan injinan sarrafa ta suka samu a Birnin Kebbi da Argungu. Farar shinkafar da aka goge tas tana da harza ƙasa da rabin giram a giram 100 idan an dafa ta. Gumi, wato shinkafar da aka turara kafin a casa, ta fi riƙe bitamin, amma harzarta ma ba ta da yawa idan an cire dusar. Dawa da ba a surfa ba tana da kusan giram 7 a giram 100, kuma surfe yana tafiya da mafi yawansa zuwa akurkin dabbobi. Ga kuma burodi, taliya da indomi da ke maye gurbin kunu da ɗumame a karin kumallo.

Wannan ba yana nufin a koma cin dusa ba. Mata ba su surfa hatsi don wasa ba: surfe yana cire ɗaci, ƙura da wani sashe na gubar ruma da ke kama hatsin da ya ji danshi, yana kuma rage sinadarin da ke hana jiki tsotsar ƙarfe, abin da ke da muhimmanci ga yara da masu ciki. Dusar da ake sayarwa don dabbobi ba ta dace da mutum ba. Kuma kamar yadda aka gani, dusar hatsi ta fi amfani ga hanji da sukari fiye da kolesterol. Surfe mai sauƙi na hatsi mai tsabta shi ne tsaka-tsaki.

Akwai wani abu da ya kamata ɗalibi ya lura da shi. Kalmar ciwon zuciya a Hausa ta ƙunshi cututtuka da yawa, kuma waɗanda suka fi kwantar da mutane a asibitocin arewacin Najeriya ba na kolesterol ba ne. Hawan jini, wanda ke damun kusan mutum ɗaya cikin manya uku a ƙasar, shi ne babban tushen gazawar zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Akwai ciwon zuciyar masu jego, wanda likitoci a Zariya suka bayyana tun shekarun 1970, aka kuma same shi da yawa a Sakkwato da Kano. Akwai lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara da ba a yi wa magani ba. Harza ba ta magance ko ɗaya daga cikinsu. Ga magidancin Maiyama mai hawan jini, rage gishiri, dunƙulen ɗanɗano da kanwa, da shan maganinsa kullum, sun fi kowane garin harza. Kolesterol ya fi zama abin damuwa ga masu ciwon sukari, masu ƙiba, masu shan taba, masu zaman ofis da shago, da waɗanda wani a danginsu ya samu bugun zuciya da ƙuruciya.

Yadda ake sha da abin da za a kiyaye

Ana fara siliyum da kaɗan, kamar giram 3 sau ɗaya a rana, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu ko uku har zuwa giram 10 a rabe sau biyu ko uku, tare da abinci. Farawa da yawa yana kawo kumburin ciki, tusa da murɗa. Kowane awo sai da cikakken kofin ruwa, aƙalla mililita 240, a sha nan take kafin ya daskare. Afa garin a baki ba ruwa yana iya toshe maƙoshi ko hanji. A farkon shekarun 1990 Amurka ta haramta ƙwayoyin rage ƙiba na ƙaron guwa bayan sun kumbura a maƙoshin mutane da dama. Masu wahalar haɗiya, masu matsewar hanji da waɗanda aka hana shan ruwa da yawa saboda ƙoda ko gazawar zuciya ba za su sha ba sai da izinin likita. Ba a shansa dab da kwanciya. A watannin bazara, lokacin da zafin Kebbi ke haura maki 40, da kuma lokacin azumi, ƙarancin ruwa a jiki yakan sa harzar ta ƙara taurin bayan gida maimakon ta rage shi, don haka bayan buɗe-baki ya fi dacewa da ita.

Yauƙin da ke kama ruwan matsarmama yana iya kama magani ma. Masu shan maganin farfaɗiya irin carbamazepine, ko digoxin, lithium, levothyroxine da ƙwayar ƙarin jini, ana ba su shawarar barin tazarar aƙalla awa biyu tsakaninsu da harza. Masu ciwon sukari da ke kan allurar insulin ko ƙwaya su riƙa auna sukarinsu a makonnin farko, domin yana iya sauka fiye da yadda suka saba. Wasu ƙunshin kanti suna da sukari da yawa don gyara ɗanɗano.

A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke rajistar irin waɗannan kayayyaki, kuma lambarta a jikin kwali tana nuna an yi rajista ne, ba shaidar warkarwa ba ce. Shayin rage tumbi da garin wankin ciki da ake tallatawa da sunan harza sau da yawa suna ɗauke da filasko, wanda ke sa gudawa ba tare da ya taɓa kolesterol ba. Hanyar sanin ko harzar ta yi aiki ita ce a gwada jini kafin a fara, a sake bayan mako shida zuwa takwas. Ana yin gwajin a manyan asibitoci irin su asibitin tunawa da Sir Yahaya da asibitin tarayya na Birnin Kebbi, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu.